Mai Tukku Za Ta Warra

Zuwa ga ɗiyata Habi, autata.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, gaisuwa mai yawa. Yaya baƙunta? Ruwan Warra ya karɓe ki? Ki gaishe da maigidanki da uwar mijinki da duk wanda ya tambaye ni. Allah shi tsare ki cikin mutanen da ba ki gama sani ba, shi kwanar da ke lafiya shi tashe ki lafiya. Mu nan Yelwa lafiya lau, sai shirun da kinka bar muna. Babanki shina gaishe ki. Ya ce in rubuta miki ki yi haƙuri ki bi miji. To, na rubuta. Sauran takardar tawa ce.

Ki karanta wagga takarda ke kaɗai, ki shiga ɗaki ki saki labule. Kar ki ba kowa shi karanta miki, ai don irin haka munka sa ki boko. Rubutuna kin san shi, na yaƙi da jahilci ne, inda ya karkace ki miƙar da shi da kanki.

Kawunki Bawa ne zai kawo miki ita cikin jirginshi ran kasuwa, tare da kwando rufe da tsohon zanena. Kazata Mai Tukku ce a ciki, kwance kan ƙwanta. Bayan an kai ki da kaɗan ta fara kwanci, shi ya sa ban jira zuwanki ganin gida ba. Kafin ki ba Bawa ko ruwan sha, ki ɗaga zanen ki dubi kan kazar. In ba tukku, ba tawa ba ce. Ƙanena ne ciki ɗaya, amma na san shi da nama. Jiya da ya zo ganin kayan sai da ya ɗaga ta ya jinjina, ya ce, "Yaya, wagga fa ta yi nauyi. Kazar amarya ce ko ta ɗan jirgi?" Na ce, "Bawa, gashi ɗaya ya ɓace a jikinta, ka nemi wata yayar." Ya yi ta dariya. Dariyar ce ban so ba.

Ki sa hannu a hankali ƙarƙashinta, za ta sare ki, ki daure. Kowane ƙwai na ɗiga mishi lalle, ragowar lallen bikinki ne da na ɓoye. Ban sa gawayi ba, don gawayi kowa na da shi a murhu, kuma gogewa yake. Za ki ga guda biyu ba lalle, shuni ne a jikinsu. Kar ki taɓa su, kar ki tambayi Bawa, bai san komi ba. Zan gaya miki zancensu in na zo ƙarshe.

Ke kin san ana ce wa kajinmu irin Inna, amma ba na jin kin san nauyin abin. Ranar da anka kai ni gidan babanki, can tsohon garinmu na cikin gungu, tsibirin tsakiyar kogi, innata ba ta da gadon ƙarfe da za ta ba ni. Kaza ta ba ni, mai tukku, ta ce ita ma haka uwatta ta ba ta. Da anka tare kogi a Kainji, anka ce mu tashi ruwa zai ci garin, kowa na jan turmi da tukwane zuwa jirgi, ni kuwa ke a goye, kaza a hammata. Babanki ya ce, "Mutane na barin kaburburan iyayensu, ke kina ta kaza?" Na ce mishi, "Kabarin ban iya ɗauka. Wagga ina iyawa." Yau in kin bi ta wurin cikin jirgi, ko kan tsamiyar ƙofar gidanmu ba ki gani. Abin da ya fito daga gidan innata da rai, daga ni sai Bawa sai kajin nan.

Yayyenki kowace na ba ta tata. Wadda ke aure Shanga mijinta ya yanka wa baƙi. Ta Ngaski ta ce wai muzuru, ni dai ban ga muzurun ba. Nawa na gida kuwa kin ga abin da cutar nan ta yi musu ƙarshen bazara, kina nan, ke kinka riƙa kwashe su da safe, Mai Tukku kaɗai ta tsira. Zakaran shi ne na ƙarshen faɗuwa, bayan tafiyarki, kuma ƙwan da ke cikin kwandon nan nashi ne. To ki gane. In waɗanga ƙwai sunka lalace, ko kazar ta mutu kan kwanci, irin Inna ya ƙare, kuma a hannunki ya ƙare. Babanki ya ce in bar ta gida mana. Na ce ƙasar gidan nan har yanzu ban yarda da ita ba, kuma ban aurar da ɗiya hannu wofi bayan na ba yayyenta.

Yanzu ki saurara, in gaya miki inda na yi wauta, don kar ki maimaita.

Shekarar da munka sauka bakin tafki, ban san halin ruwan nan ba. Kogi na sani. Kogi in zai cika, tsofaffi sun san watan, sun san inda yake tsayawa, akwai dutsen da ba shi wucewa. Na ɗauka wanga ma haka yake. Damina ce kamar yanzu, ruwa ya ja baya can nesa, ya bar fili fetal. Ɗakunan da gwamnati ta gina muna masu rufin nan mai lanƙwasa, ƙasansu siminti, kaza ta ƙi kwanciya ciki. Sai ta je ta samu wani tsohon jirgin babanki da anka kife a filin, ta yi ƙwai ƙarƙashi. Na leƙa na ga inuwa, ga rairayi mai laushi, ruwan sama ba shi shiga. Na ce madalla, Allah ya yi miki ɗaki. Har dutse na jera mata a baki. Ina kallon ruwa kullum shina matsowa, ina cewa ai zai tsaya. Wa ya gaya min zai tsaya? Ba kowa. Wata safiya na fito da dusa, na tarar kazar tsaye kan bayan jirgi tana kuka, ƙwai na yawo cikin ruwa kamar 'yan duma.

Ke ma yanzu in kin fita bayan gidanku na Warra za ki ga fili, za ki ga jirage kife. Kar ki yarda. Ruwan nan ba ruwan Allah kaɗai ba ne, akwai masu buɗe shi da rufe shi can Kainji, kuma ba su san ki ba, ba su san kazarki ba. Ki dubi jikin itatuwa inda ruwan bara ya bar zane, ki wuce nan, ki ƙara gaba, kana ki aje akurki. Gara ma cikin gida, inda idonki yake kai daga bakin murhu.

Amma ba kusa da banda ba. Wannan ma na yi. Na ga sanyin damina, na ji tausayinta, na ce bari in matsar da ita jikin tanderun da nike bandar kifi ta ji ɗumi. Ɗumin ta ji. Ƙwan ma ya ji, har ya wuce. Wanda bai dafu ba, ƙarnin kifi ya kirawo mishi baƙi. Gafiya ta zo, muzuru ya zo, kwarkwasa ta yi layi. Gidan mijinki gidan masunta ne, na san banda ba ta mutuwa. Ki nisanta ta da hayaƙi, ki nisanta ta da inda ake feɗe kifi ana zubar da hanji. Duk abin da ya zo cin hanji, in ya ƙoshi zai tsaya duba mi ke cikin akurki.

Akurkin kuwa ki gina da kanki, da laka, kin sha ganina ina yi. Kar ki karɓi tsohon akurkin kowa, ko an ce kyauta ne, ko an ce an share. Ba ki san mi ya kashe kazar da ta bar shi ba, kuma mai ba ki ba za ta gaya miki ba. Kafin naki shi bushe ki bar ta cikin kwandon nan a lungun ɗakinki, kar ki fidda ta, kar ki canja mata ciyawar, ƙamshin gida ne zai sa ta ci gaba da kwanci bayan girgizar jirgi. In za ki mai da ita akurki, da almuru za ki yi, ki ɗauke ta da ciyawar da komi. Ki ɗaga gindin akurkin kan duwatsu saboda laima. Ki zuba toka a ƙasa, ki murza busasshen ganyen taba a ciki don ƙuma, don ƙuma kaɗai na iya tada kaza daga kan ƙwai. Ki kewaye shi da toka ta waje, in ruwa ya wanke ki sake. Ƙofa ƙarama, daidai jikinta, ki huda 'yan ƙofofin iska can sama waɗanda ko ɗan yatsanki ba shi shiga da daɗi. Marufi kuwa faifan dutse, ba fasasshiyar ƙwarya ba. Guzan bakin tafki da hanci yake ture ƙwarya, na gani da idona, tsakar rana, ko kunya babu.

To duk wannan sauƙi ne. Guza ba shi sallama, ba shi tambayar lafiyarki. Abin da ya sa na zauna rubutu har yatsuna na ciwo, mai sallama ne.

Ba ki san Goggo Dije sosai ba, yayar babanki, kina ƙarama ta rasu, Allah shi jiƙanta. Ta zauna da mu shekara biyu bayan tashi. Tana da zabi. Kin san zabuwa, ta zuba ƙwai cikin ciyawa ta yi gaba abinta, kwanci ba aikinta ba ne, sai an nemo kaza ta yi mata. Wata rana kakar kakannin wagga Mai Tukku na kwanci, Goggo ta zo ta tsaya kaina da ƙwarya a hannu, ta ce, "Amarya," har ta mutu amarya take ce min, "kazar nan taki faɗi gare ta. 'Yan ƙwan zabina ne, in tura mata su a gefe, ba ta ma sani ba."

Na ce, "Goggo, ai nata ma sun cika ta."

Ta ce, "Au, rowar gindin kaza za ki yi min a gidan ƙanena?"

Kunya ta kama ni. Na ce, "Haba Goggo, ai kazarki ce." Kin ji maganar da ta kashe ni. Ai kazarki ce.

Abin da ban sani ba a lokacin, ƙwan zabo ya fi na kaza daɗewa kafin shi fashe. Kaza kuwa da ta ji 'yan tsakinta sun fito suna kuka, za ta ɗan jira, sai ta tashi ta bi su, ta bar sauran ƙwai su huce. To duk mai sa ƙwan zabo ƙarƙashin kaza ta san haka. In tana son nata su fito, dole na kazar su kauce. Goggo ta sani. Ni ce ban sani ba.

Sai na fara ganin ƙwaina na raguwa. Yau in duba in ga kamar ba haka na bari ba. In tambaya, Goggo ta ce, "Gafiya ce, amarya, garin nan gafiya gare shi." Gobe ta ce maciji. Na ce wane irin maciji ne wanga mai zaɓe, shi bar na zabo shi haɗiye na kaza? Ta ce, "Na zabo tauri gare shi, maciji ma ya san haƙoranshi." Ban kama ta ba. Har gobe ban ce ita ce ba, tana kabari. Amma na je ɗibar wuta a murhunta na ga ɓawon ƙwai cikin toka, fari sumul, ba mai ɗigo-ɗigo irin na zabo ba. Na gaya wa babanki. Ya ce, "Yayata za ki kira ɓarauniya a kan ƙwai?"

Kaza ta yi ta kwanci, lokacinta ya wuce tana kwance, ƙirjinta ya zama ƙashi, tukkun ya kwanta gefe guda. Ta fidda wa Goggo zabi cike da tsakar gida, nata ko ɗaya. Da sunka yi fiffike sunka haye rumbu sunka bar ta ƙasa tana kira. Ba ta ƙara wata damina ba. Da ba don wata 'yar budurwar kaza da ta rage min ba, da tun ran nan zancen irin Inna ya mutu.

Mi ya sa nike tono wannan? Uwar mijinki. Ban ce muguwa ce ba, kar ki je ki canja mata fuska. Mace ce mai fara'a, ta yi muna mutunci. Amma ranar da sunka zo ɗaukarki, kowa na ɗaki ana kallon kaya, na nemi baƙuwa na rasa. Na same ta bayan rumbu, durƙushe gaban akurki. Ta ce, "Hajiya," ni da ban je ko Sakkwato ba, ta ce, "wagga ce mai tukkun da ake faɗi? An ce in ta kwanta ko ganga ake bugawa ba ta tashi."

Na ce, "Haka nan dai, wani lokaci."

Ta ce, "Mu can zabi ne sunka yi muna yawa. Ga ƙwai kamar tsakuwa in damina ta zauna, ba mai kwanta musu. Ita ma amarya za a ba?"

Na ce, "Sai yadda Allah ya yi."

Ta ce, "Allah shi sa." Ta sake kallon kazar. Habi, ni na san wanga kallo. Na gan shi a idon Goggo Dije.

To za ta zo miki, kuma ba da faɗa za ta zo ba. Da ƙwarya za ta zo, da murmushi, ta ce ɗiyata. Kar bakinki shi kuskura shi ce ai kazarki ce Inna. Kuma kar ki ce a'a tsirara, ke baƙuwa ce. Ki durƙusa ki ce, "Inna, wanga kwancin an riga an fara shi tun Yelwa, in an ƙara yanzu naki ne za su lalace, ta tashi ta bar su." Gaskiya ce, kuma ta san gaskiya ce. Ki ce mata in 'yan tsakin sun girma, cikin 'yan matan za ki ware guda musamman don zabinta. Ki cika alkawarin kuma. In ta matsa, ki ɗora min laifin. Ki ce innata ta yi rantsuwa a kan kazar, mace ce mai wuyar sha'ani. Ni ina nan Yelwa, zaginta ba shi ƙetare ruwa.

Bayan nan ki sa ido. Kaza na tashi sau ɗaya a yini ta sha ruwa ta yi birgima, to lokacin nan ne hannu ke shiga. Ki san lokacin tashinta, ki zama kina tsakar gida, ko tsintar shinkafa ce ki ɗauko ki zauna. In ta tashi ki leƙa ki ga lallenki. Kin ga ƙwai ba lalle ba shuni, ki fidda shi, ki kai wa uwar mijinki da hannu biyu ki ce, "Inna, wata kaza ta yi ɓatan kai." Kar ki ƙara komi. Za ta gane kina gani.

In Allah ya sa sun fashe, kar ki taya su ɓare ɓawo, na taɓa yi, jini na gani. Ki bar su su bushe ƙarƙashinta. Ruwan sha a kasko marar zurfi, ki cika shi da tsakuwa, don ɗan tsako na iya nutsewa cikin ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba, mu da ke bakin tafki sai mu ce wanga ai ba ruwa ba ne. Ki ɓarza musu gero. Ki cusa kashin shanu da karmami cikin tsohuwar tukunya, ki yayyafa ruwa, ki kife ta bakin suri, da safe ki kwaso musu gara. Kar ki sake su cikin raɓa.

Wani abu kuma, na kusa mantawa, kuma a gidan masunta shi za a fara ba ki shawara. Za a ce ki baza tsohon tarun kamun kifi bisa kansu saboda shaho. Ni ma babanki ya ba ni, na kafa sanduna na baza, ina jin daɗi na yi dabara. Shaho kam bai samu ba. Amma gefen tarun ya sauka ƙasa, 'yan tsaki sunka tura kai cikin idanun, na dawo daga rijiya na tarar da su rataye kamar ƙananan kifi. Abin da anka saƙa don kamu, kamu yake yi, ba ruwanshi da naki da na wani. Ki sa mijinki shi saƙa miki babban kwando na kara mai ƙananan ido, ki riƙa kife su ciki da uwar a inuwa, kina matsar da shi. Kuma ki duba bakin kwandon ya zauna daram.

Shi ma mijin naki. Yaron kirki ne, na yarda. Amma namiji in baƙo ya yi sallama, idonshi kan kaza yake fara sauka. Ki gaya mishi tun yanzu, lokacin da yake jin maganarki, cewa mai tukku ba ta baƙo ba ce. Kifi ya ƙare a tafkin ne?

To, zancen ƙwai biyu masu shuni.

Kin san Lami ta ƙetaren hanya. Cutar nan ta share gidanmu, ta share na Malam Isa, ta tsallake nata. Ban ce komi ba. Har yau ban ce komi ba. Jar kazarta ta fara kwanci rana ɗaya da Mai Tukku, na sani don ina jin lokacin da ta daina kyarkyara. Na zauna na yi ta tunani. Ga jirgin Bawa, ga iskar damina a tsakiyar ruwa, ga uwar mijinki da zabinta, ga ki yarinya, ko kin yi niyya barci na iya ɗaukarki. Na ce duk abin da innata ta bar min in zuba shi cikin kwando ɗaya in miƙa wa Bawa?

Tun a farkon kwancin, kafin in ɗiga lalle, na zaɓi biyu masu kyau na ƙulle a bakin zane. Na shiga gidan Lami da hantsi aron rariya. Tana wanka. Na ce, "Yi abinki, na san inda take." Jar kazar ta tashi shan ruwa. Na tura nawa biyu cikin nata, na ɗauko nata biyu, don kar lissafin kazar shi canja. Su ne masu shunin. Ba sata na yi ba, musaya ce, kuma nawa sun fi nata girma.

Ina miƙewa ta fito da bokiti. Ta ce, "Innar Habi, rariyar a bayan rumbu nike aje ta yanzu?"

Na ce, "Kazarki na tsaya gani. Ta rame, ki riƙa ba ta dusa."

Ta dube ni, ta dubi akurki, ta ce, "Ikon Allah. Yau ke ce mai tausayin kazata?" Ta miƙo min rariyar. Ban san ko ta gane ba. Tun ran nan in mun haɗu a rijiya gaisuwarta ta ƙara tsawo, ni kuwa ban yarda da doguwar gaisuwa ba.

In sun fashe da tukku a kai, unguwar nan kowa ya san daga inda tukku ke fitowa. Za ta ce zakarana ne ya ƙetara kafin shi mutu, ɗiyan kuwa na mai kaza ne, haka ake yi. Ban musu. Ko ba ta ba ni ba, ina zaune ƙofar gida zan riƙa ganinsu suna tono a bakin hanya, na san na innata ne. Ke kuma masu shunin nan ki riƙe su amana, in sun fito ki rene su da kyau, ran da za ki zo ganin gida ki kawo su ki ce wa Lami tsarabar Warra ce. Ban son hakkinta a wuyana.

Kin dai gani. Lami shekara da shekaru tana kiwo, ba ta taɓa sa wa ƙwanta alama ba, ta yarda da maƙwabta. Ni kuma uwarki ce, mai salla, ban taɓa ɗaukar allurar wani ba, kuma ban daɗe bayan rumbun nan kamar yadda kike daɗewa wajen ɗaura kallabi ba. In ni na iya, ki gaya min wa zai kasa a Warra.

Ki ƙone takardar nan in kin gama, babanki bai san zancen Lami ba.

Allah shi kai Bawa lafiya, shi kwantar da iska har shi sauka. Allah shi tsare ki daga sharrin ruwa da na tudu, da na mai sallama da na marar sallama. Allah shi ba ki zaman lafiya da mutanen gidanki, shi nuna min ranar da za ki ɗauki kaza mai tukku ki miƙa wa taki ɗiyar. In sun fashe ki aiko min da baki, kar ki ce kaji, ki ce wa Bawa shi gaya min lalle ya kama.

Ni ce innarki.